Takardar da Na Aika wa Masu Tele

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya san gidajenmu na zango ya san abin da wannan ke nufi. Uwata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba wai ta manta shi ba ne, tana cikin ɗaki aka raɗa shi, ita ta sha romon ragon. Kunya ce irin ta mutanen da, wadda ta ce uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu ko ya ci ko bai ci ba. Ana yaye ni aka ɗauko ni daga Dapaong aka kawo ni Sokode, wurin kakata a unguwar Didawure. Nan na yi wayo, nan na yi lakwal, wato boko, nan nake koyar da Faransanci har yau. Ƙannena sun tashi a gabanta, suna hawa cinyarta, suna yi mata gardama a kan nama. Ni kuwa in zancena ya zama dole, sai ta ce "wancan na Sokode". In na je hutu sai in sami ƙarin girma, in zama "baƙon nan".

Ba zan ce ta wulaƙanta ni ba, Allah ya sani. In na sauka a gidan, kazar da ta fi kowacce ƙiba ita ce za ta ga ta kanta. Amma autarmu ce za ta kawo kwanon, Mma tana can bayan rumfa ta juya baya, tana tsintar shinkafar da aka riga aka tsince. In na durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. "Lafiya." "Lafiya lau." "Madalla." Shi ke nan an gama hirar shekara. Na girma ina gaya wa abokai cewa al'ada ce mai kyau, har na taɓa kare ta a ɗakin malamai da Faransanci mai daɗin ji. A raina kuwa ciwo take yi mini, kuma na haura arba'in ban faɗa wa kowa ba.

Sai ga wani shiri ya ɓullo a wata ƙaramar tashar tele ta Lome. Wasan kwaikwayo ne na rabin awa, da Hausa irin tamu ta zango, an yayyafa mata yaren Kotokoli da Faransanci. Kowace Alhamis ake sa shi, ƙarfe huɗu da rabi, an idar da la'asar ke nan. Labarin wata mai tuwo ne a bakin babban titi, da ɗanta makanike mai taurin kai, da direbobin da ke cin tuwonta suna zagin miyar. Shirin yana da suna, amma ban taɓa jin wanda ya kama shi ba, "mai tuwo" kawai ake cewa. Matata ce ta fara kallo. Ni ina gefe da takardun yara ina gyarawa ina taɓe baki. Makirufo yana leƙowa daga saman hoto, mutum ya mutu wannan mako, mako mai zuwa ka gan shi a layin tuwo ya canza hula. Na ce da ita wannan ba wasa ba ne, ɓata wutar lantarki ne.

Wata Alhamis, shirin ya ƙare ke nan, sai portabul ɗina ya yi ƙara. Lambar autarmu ce. Na ɗauka ina cewa, "Ke auta, yau kuma me kike so?" Sai na ji gyaran murya, sai muryar da ban taɓa ji a waya ba.

"Kuna kama wannan abin a can?"

Na miƙe tsaye, ban san dalili ba. Na ce, "Wane abu, Mma?"

"Matar nan mai tuwo. Ka ga rashin ta-ido? Ɗanta na fari ne fa, ta buɗe baki gatsau tana kiran sunansa a tsakiyar titi, har tana ja masa kunne. Duniya ta lalace."

Na ce, "Wallahi ta lalace, Mma."

"Kuma miyar nan tata ba daddawa. Daga launi na gane."

Mun yi kusan minti goma, ita tana faɗa ni ina "haka ne", sannan ta kashe ba sallama. Na koma na zauna, na ce da matata ta ba ni labarin mai tuwo tun daga farko, kada ta tsallake komai. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ba ɓata wuta ba ne kuma?" Na ce malami ba ya raina ilimi duk inda ya gan shi.

Daga baya auta ta gaya mini yadda aka yi. Mma ta yi ta mita har kowa na gidan ya sulale, sai ta ce, "Kira mini wancan na Sokode, shi ɗan lakwal ne, ya san abin da ya sa hukuma ta ƙyale wannan." Kun ga ke nan ba hira ta kira yi ba, bincike ne. Kunya ta hana ta magana da ni a kaina, amma ba inda ta hana ta gulmar wata mata a kunnena. Mma ta samo ƙofa a bangon da na ɗauka ba shi da ko taga, kuma mai tuwo ce ƙofar.

Daga ranar na zama ɗan gani-kashe-nin shirin. Na ware masa littafi, ina rubuta wa ya ce me, wa ya harari wa, don kada a yi mini tambaya in faɗi jarrabawa. Na je wurin direktan makarantarmu na roƙi a cire mini darasin yammacin Alhamis, na ce ina da uzurin iyali. Na sha faɗa masa wannan magana a baya, amma ranar ce ta farko da babu ƙarya a ciki. Ƙarfe biyar da 'yan mintoci waya za ta yi ƙara. Ba "ina wuni", ba "ya yara", sai dai, "Ka ga abin da ya yi mata?" Mu zauna mu yi wa makanike shari'a. Ita kullum bayan uwar take, duk da rashin kunyarta da rashin daddawarta. Ni kuma a hankali na fara ɗan tsaya wa ɗan, in ce ai shi ma yana da tasa hujjar. Ranar da na fara yi mata gardama har ta ce mini, "Kai ma bakinku ɗaya," sai da na fita ƙofar gida na sha iska don daɗi. Ina da furfura a gemu uwata ta fara yi mini faɗa.

Akwai wata Alhamis da ba na mantawa. A cikin shirin, dangin uba sun zo sun ɗauke jikan mai tuwo, ta bi mota da gudu zani yana kwancewa, tana kururuwa. Na ɗauka Mma za ta ce an yi abin kunya a titi. Da ta kira, awakinta na fara ji suna kuka a tsakar gida.

Can ta ce, "Ita ta samu ta yi ihu."

Sai ta ɗora:

"Akwai wani yaro da aka yaye aka sa a mota zuwa Sokode. Ana ta yi mini barka wai na yi dauriya, ban ko leƙo ba. Kwana uku tuwo bai wuce mini wuya ba. Nono bai san al'ada ba, zuba yake ta yi."

Kafin in sami abin cewa ta ƙara da, "Amma direban nan mai jar hula munafuki ne, ka sa masa ido," ta kashe. Na rubuta a littafina cewa direba mai jar hula munafuki ne, don hannuna yana neman abin yi. Na yi kuka ranar, matata ta yi kamar ba ta gani ba.

Haka muka ɗauki shekara biyu da wani abu, har na fara ganin kamar an rubuta wa Alhamis wannan aiki tun fil azal. Ana wata ga wata. Farko dai shirin ya fara makara, a sa shi biyar saura kwata a yanke ƙarshensa da talla. Wani mako aka ɗora ƙwallo a kansa. Wani mako wani babban mutum ya yi jawabin da ya ci la'asar ya doshi magariba. Duk makon da ba mai tuwo, ba kira. Mma ba ta taɓa kira ta ce "yau ba su sa ba", don wannan hira ce, ita kuwa ba ta hira da ni. Sai na koma mai gadin ɗan rubutun nan da ke gudu a ƙasan hoto, inda suke sanar da canjin shirye-shirye. Ina cin abinci ido yana ƙasan tele. Na san ranar da suke sake jadawali, na san wane shiri ne ke da uwa a gindin murhu, na san wanda ake turawa duk inda aka ga rami. Namu shi ne na ramin.

Rannan rubutun ya gudo da abin da nake tsoro. An mai da mai tuwo Asabar, ƙarfe tara na safe. A gurbinta na Alhamis an sa wani mai maganin gargajiya, mai babbar riga da kwalabe jere a gabansa, yana warkar da ciwon baya da na gwiwa da duk abin da ke tsakaninsu. Wanda ya yanke wannan hukunci a Lome bai san Asabar ranar kasuwa ce a Dapaong ba, ko ya sani bai dame shi ba. Mma tana sayar da kuka da kuɓewa busasshiya da kanwa, kuma tun kafin a haife ni ba ta taɓa fashin kasuwar Asabar ba sai da jego. Na kalli shirin ni kaɗai da safe, na cika shafi guda, na ajiye waya a kan gwiwa har azahar. Ba ta yi ƙara ba. Mako uku aka yi haka.

Matata ta ce, "To kai ka kira ta mana. Uwarka ce fa."

Ita ta uku ce a gidansu, ba ta san komai ba. In kira in ce me? In ce ina kewarki? Da Mma ta miƙa wa auta wayar ta ce baƙon nan ba shi da lafiya. Kunyar nan ba a gefe ɗaya take ba. Ni ma an rene ni a cikinta, ta zauna mini daidai kamar rigar da tela ya auna.

Sai na tuna ni malamin Faransanci ne. Abin da Allah ya ba ni ke nan, da shi zan yi yaƙi. Na sayi takarda mai kyau, na kwana biyu ina tsara wasiƙa zuwa ga shugaban tashar. Ban taɓa rubuta abu mai kyau irinta ba, kuma ba na fatan in sake. Jimlar farko kaɗai ta ci layi bakwai. Na kawo tarihin zango, na kawo ayarin goro da na jakuna, na kawo matsayin Hausa a kasuwannin arewa. Na ambaci "al'ummar Musulmin arewa" ya fi sau biyar, don in nuna musu ba mutum ɗaya ke magana ba. Da na iso wurin roƙo, sai na ga in rubuta "ku mai da shi Alhamis ƙarfe huɗu da rabi" ya yi kama da maganar mai sayen tumatir. Bai dace da sauran ginin ba. Sai na rubuta cewa muna fatan za a ba shirin "rana da sa'ar da suka dace da martabar wannan al'umma da addininta". Na karanta wa matata da ƙarfi. Ta ce ba ta gane ba. Na ce ai ba ita aka rubuta wa ba.

Na bi Didawure gida-gida neman sa hannu. Na ari tawadar hatimi daga makaranta saboda masu dangwala yatsa. Wanzamin unguwarmu, wanda bai taɓa mallakar tele ba, ya dangwala sau biyu, ya ce ɗaya na matarsa ne. Wani dattijo ya tambaya ko takardar neman famfo ce, na ce kusan haka, ya dangwala. 'Yan zemijan da ke jiran fasinja a kan baburansu a bakin kasuwa suka sa hannu suna dariya, ɗaya ya ce, "Malam, mai tuwo nan, matar ka ne?" Na cika shafi huɗu. Na ba wani direban motar albasa, mutumin Nijar, ya kai Lome. Ya kira ni daga Ajengre ya ce takarda tana lafiya, ya sake kira daga Langabu ya ce taya ta fashe amma takarda tana lafiya. Na tabbata ta isa ofishinsu da ƙamshin da ba za a iya ƙin kula ta ba.

Kuma sun kula ta. Bayan mako biyu, wata mai gabatarwa ta fito da fara'a ta ce tashar ta sami wasiƙa mai ratsa zuciya daga 'yan'uwa Musulmi na arewa, har ta karanta layi uku daga jimlata ta farko kafin numfashinta ya ƙare. Na dubi matata, na gyara zama. Sai ta ci gaba da cewa, domin girmama wannan al'umma, shugabannin tashar sun yanke shawarar mai da shirin rana mafi daraja a wurinta, wato Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da kowa ya ajiye aiki.

Gaskiya ta faɗa, kowa yana ajiye aiki. Yana ajiyewa ne ya tafi masallaci.

Garin gyaran gira na rasa ido. Da Asabar ko ba komai ni ina gani. Yanzu ni ina sahu, Mma ma tana sahu, don tsofaffin matan Dapaong tun sha biyu suke kama wuri da tabarminsu. Labari kuwa ya zaga Didawure cewa takardar malam ta yi aiki. In na wuce wurin wanzami sai ya ɗaga aska ya ce, "Malam, a rubuta mana ta famfon mana, wataƙila su ɗauke rijiyar ma." Na yi ta yaƙe. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ba zan ɓoye ba, shaiɗan ya zo mini da shawarwari. Wata Juma'a na zauna a sahun ƙarshe daf da ƙofa, takalmi a hammata. Liman ya ɗauko huɗuba a kan haƙuri, ya kuwa gwada mu da ita. Ana sallama na tashi ban tsaya addu'a ba, na haye zemijan, na iso gida ina haki, na tarar da sunayen 'yan wasa suna hawa sama. Matata, wadda ke gida da goyo, ta ce makanike ya yi faɗa da uwarsa ya bar gari. Na ce a kan me? Ta ce ba ta ji ba, tana daka.

Mun gwada dabara. Juma'ar da ta biyo baya matata ta jingina portabul da gwangwanin madara ta ɗauki shirin daga fuskar tele. Hoton ya fito a karkace, da kukan jariri a kai, amma ana ganewa. Na tura wa auta. Da yamma auta ta kira ta ce Mma ta duba sau ɗaya ta ture. Wai ita ba ta kallon mutane a tafin hannu kamar mai duba, kuma abin da aka riga aka yi aka gama ɗumame ne. Na daɗe ina jin haushin wannan magana kafin na gane ta. Da muna kallo a sa'a ɗaya, ita a can ni a nan, abu ne ya faru a gabanmu mu biyu, dole a tattauna. Wanda na ɗauka na aika mata kuwa saƙo ne daga ɗan fari, karɓarsa ma abin kunya ne.

Na samo lambar tashar na kira. Wata mata ta ɗauka, da na ce ni ne mai wasiƙar arewa sai murya ta canza, ta ce ai wasiƙata tana bango a ofishin shugaba, an sa ta a gilashi. Na ce na gode, amma Juma'a ƙarfe ɗaya lokacin salla ne. Ta ce, "To me ya sa ba ku faɗi ranar da kuke so ba?" Na ce a mai da shi Alhamis, ƙarfe huɗu da rabi. Ga shi na faɗe ta cikin numfashi ɗaya, ba ta ko kai layi ba. Ta ce Alhamis ta riga ta zama ta mai magani, kuma gaskiya tun da aka koma Juma'a masu talla sun janye, sun ce ba mai kallo. Ƙarshen wata za a dakatar da shirin. Ta ce ta yi mamaki ƙwarai, mutanen da suka cika shafi huɗu da yatsu su kasa zama rabin awa.

Haka aka yi. Kashi na ƙarshe ya tsaya ne makanike yana bayan wata babbar mota zai koma gida ya nemi gafarar uwarsa. Har yau yana kan hanya.

Da aka ba da hutun makaranta na hau mota zuwa Dapaong. Komai yana nan yadda na sani. Kaza ta rasa ranta, auta ta kawo kwano, Mma ta amsa wa bango gaisuwata. Kamar ba mu taɓa yi wa direba mai jar hula tereren tsiya tare ba. Washegari ina zaune a ƙofar gida sai maƙwabciyarsu, wata tsohuwa 'yar ƙabilar Moba da suka shekara talatin suna aron turmi, ta tsaya ta gaishe ni da Hausarta ta kasuwa.

"Kai ne na Sokode? Mma naka, kowane Alhamis ya zauna nan, portabul a hannu. Ya duba, ya duba, ya ajiye. Na ce kira shi mana. Ya ce, in ce masa me?"

Ta yi dariya ta wuce da tulunta. Ni na kasa tashi daga wurin. Ashe duk makonnin nan mu biyu muke zaune, kowa da waya a cinya, da tafiyar yini a tsakaninmu.

Da yamma Mma tana tankaɗen kuka a tsakar gida, auta tana wanke-wanke. Na tsaya daga nesa na fuskanci auta, na ɗaga murya yadda za ta kai inda nake so. Na ce, "Auta, kin san takardar nan da aka karanta a tele, wadda ta sa aka kai mai tuwo Juma'a? Ni na rubuta ta."

Auta ta saki baki. Mma ba ta ɗago ba, rariya tana ta kaiwa da komowa. Can ta ce, "Ke, gaya wa baƙon nan tun ranar na sani. Na ji yarinya tana ta karatu ba waƙafi har tana shiƙewa, ba wanda ya gane inda aka dosa. Na ce wannan namu ne. Ubansa in zai ce a ba shi ruwa sai ya fara daga haƙa rijiya."

Auta ta juyo za ta maimaita mini, na ce na ji. A duk zamana a duniya ban taɓa jin ta ce "namu" a kaina ba, ko da a zagi. Na koma ɗaki da kalmar nan kamar an ba ni kyauta.

Na dawo Sokode ranar Talata. Alhamis da la'asar na dawo daga masallaci, ban ko dubi tele ba. Littafin mai tuwo yana kan tebur, na sa shi a ƙarƙashin takardun yara. Direkta ma ya riga ya ce tunda uzurin iyalin ya ƙare zai mayar mini da darasina in an koma. Ina kwance a tabarma ina kallon rufi, biyar ta ɗan gota, sai waya ta yi ƙara. Lambar auta.

"Ka ga maƙaryacin nan?"

Na tashi zaune. "Wanne, Mma?"

"Mai kwalabe. Wai saiwa daga dajin da ba a shiga. Sassaƙen maɗaci ne da kanwa, ni zai gaya wa kanwa? Kuma mutumin da ya kawo wai ya warke, makon jiya shi ne mai ciwon gwiwa."

Na yi wa matata alama da hannu da ƙafa ta kunna tele. Mai magani yana ɗaga kwalba ta ƙarshe yana murmushi. Na ce, "Wallahi maƙaryaci ne, Mma. Dubi rigarsa ma."

Muka yi masa wankin babban bargo, daga hula har takalmi. Ta ce duk wanda ya sha wannan abu sai dai ya ƙara da ciwon ciki. Na ce haka ne. Sai na ji awakin nan suna kuka, kamar rannan.

"Kai fa, da yawan tsayuwa gaban allo. Bayan naka yana ciwo?"

Ba auta ta tambaya ba, ba bango ba. Na ce, "Kaɗan-kaɗan, Mma."

"A dinga gasa maka da ruwan zafi. Kada ka sha na wancan."

"To, Mma."

Yanzu kowace Alhamis ƙarfe huɗu da rabi ina gaban tele da sabon littafi, ina kallon mutumin da ya kore mana shiri yana sayar da maɗaci. Na koma wa direkta da uzurin iyali, ban taɓa fashi ba. Ina yi masa addu'ar kasuwa a asirce, Allah ya sa masu ciwon baya su yi ta saye, kada kwalabensa su ƙare. Idona kuma yana kan ɗan rubutun nan na ƙasan hoto, gabana yana faɗuwa duk sanda ya gudo.

Ranar nan da ta tambayi bayana, kafin ta kashe, na ji ta matso da wayar kusa da bakinta.

Ta ce, "Kuma ko sun ɗaga shirin mai kwalabe, kada ka rubuta musu takarda."